Wa ya yi kiɗan? Tambayar da ba mu yi a rediyo



Mu da munka yi kolej a Gaya farkon shekarun 2000 mun san ɗakin nan na wasan gem. Tele ɗaya, Sega ɗaya, benci biyu, yara kamar ashirin. Dala biyar kake ba mai ɗaki, ka ɗauki Ryu ko Ken ko Chun-Li, a yi ta dambe har a ɗauke wuta. Sunan wasan Street Fighter II. Kiɗan wasan nan ya shiga kanmu ƙwarai, har muna yin shi da baki a hanyar lakol. Amma ko sau ɗaya ba mu taɓa tambayar wa ya yi shi ba. A tunaninmu na'ura ce ke kukanta.

Ashe mutum ne, kuma mace ce. Sunanta Yoko Shimomura, 'yar ƙasar Japan, an haife ta a 1967 a yankin Hyogo. Tun tana ƙarama take buga fiyano, ta gama makarantar koyon kiɗa ta Osaka a 1988. Iyayenta da malamanta sun so ta zama malamar fiyano, aiki mai mutunci. Ita kuwa sai ta shiga kamfanin Capcom, masu yin wasannin gem. Ransu bai so ba, don lokacin ko a Japan ba a ɗauki kiɗan gem a bakin komai ba. A 1991 Street Fighter II ya fito, kuma ita ta tsara mafi yawan kiɗan da ke ciki, da wata 'yar na'urar sauti ta Yamaha wadda murya takwas kaɗai take iya fiddawa a lokaci guda.

To ga abin da ya sa munka ɗauko zancenta. Wasan ya zagaye duniya, amma in ka kai ƙarshe inda ake jera sunayen ma'aikata, ba ka ganin cikakken sunanta. Laƙabi anka sa, "Shimo-P." Haka kamfanonin ke yi a wancan zamani, suna ɓoye sunayen ma'aikata don kar wani kamfani ya janye su. Daga baya abin ya canja. Ta koma kamfanin Square a 1993, ta yi kiɗan Super Mario RPG a 1996, da Kingdom Hearts a 2002, duk da sunanta a rubuce. A 2002 ɗin ta bar aikin albashi ta tsaya da ƙafarta, kuma aiki bai yanke mata ba: Nintendo sun neme ta, masu zane mai motsi, wanda muke ce ma desen anime, su ma sun neme ta, ta yi Final Fantasy XV a 2016. Ranar buɗe wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, cikin kiɗan da 'yan wasan ƙasashe sunka shigo fili da shi har da nata. A 2025 hukumar BAFTA ta Ingila ta ba ta babbar lambarta ta girmamawa.

Gwaninta tana da ita tun 1991. Abin da ya ƙaru daga baya suna ne. Da anka san mai aikin, sai aiki ya riƙa neman ta har gida.

Yanzu mu dawo gida mu dubi kanmu. Waƙoƙin fim ɗin Hausa da munka tashi da su, tun zamanin Sangaya wajen shekarar 2000, da fiyanon Yamaha da Casio anka yi kiɗansu a Kano, kayan Japan ɗin dai. Kowa na tuna Ali Nuhu da Fati Muhammad. Yau kowa ya san Umar M. Shareef, da Nura M. Inuwa, da Hamisu Breaker. Amma tsaya a tasha ka tambayi mutum goma wa ya zauna ya haɗa kiɗan waƙar da ke tashi cikin salularsu. Za ka sha kallo. Ko da mawaƙi ya ambaci mai kiɗa a farkon waƙa, daƙiƙa biyu ce, kuma sau da yawa masu turi a kasuwa sun yanke wurin kafin ta shiga memori.

Muna da misali a nan kusa, ba sai mun je Kano ba. Akwai wani yaro a Gaya, ba za mu faɗi sunanshi ba don bai ba mu izini ba. Da tsohuwar kwamfuta da ƙaramin fiyano yake aiki a ɗakin da bai fi shagon mai shayi ba. Ya yi ma wani mawaƙi kiɗa, anka ba shi jaka biyar, shi ke nan. Waƙar ta kama, daminar nan duk bikin da ka je ita ce, har ƙauyukanmu na Karakara. Mawaƙin ya samu gayyata, ya samu liƙi. Yaron ko? Ranar da munka gamu da shi kan babur yake, yana kabu-kabu. Ya ce mana: "Yaya, ni ba kuɗin ne sunka fi ci mini rai ba. A rediyonku na ji waƙar sau ba adadi, ba a taɓa cewa ni na yi kiɗan ba."

Maganar ta zauna mana, don gaskiya ya faɗa. Mu masu gabatar da shiri muna cikin masu laifi, watakila ma mu ne a gaba. Mukan ce "ga waƙar wane" mu wuce. Mukan yanki kiɗan mutum mu mai da shi jenerik na shiri, shekara da shekaru, ba mu gaishe shi ba balle mu biya. Wanda ya riƙe makirfo shi ke koya ma jama'a sunan da za su riƙe. In ba mu faɗa ba, wa zai faɗa?

Mun san abin da wasu za su ce. Na farko, wai a al'adarmu makaɗi bayan mawaƙi yake tsayawa, haka munka tarar. Gaskiya ne. Amma a da, makaɗi a fili yake, ido na ganin shi. Mai kalangu a wurin biki, mai ganga a filin kokowa, an san shi, an san gidansu, kuma in an yi kari yana da rabonshi. Na yanzu cikin ɗaki yake a rufe, sauti kaɗai ke fita. Al'adar da ta ba na da rabo ba ta ce a hana na yanzu ba.

Na biyu, wai an biya shi, me kuma yake nema? To ai tela ma an biya shi, amma in riga ta yi kyau sai an tambayi wa ya ɗinka, kuma da haka yake samun wani ciniki. Jaka biyar kwana biyu ce ta ƙare. Suna ne jarin mai sana'a.

Na uku, akwai iyayen da ba su son ɗiyansu su shiga harkar kiɗa sam, don addini ko don mutuncin gida. Wannan ra'ayi ne da muke girmamawa, ba mu zo gardama a kai ba. Amma ko wanda bai son kiɗa ya yarda cin guminsa wani zalunci ne. In dai mun saurara mun ji daɗi, haƙƙi ya hau kanmu.

Kuma ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga girmama mai kayan kiɗa. Gasar kiɗan zamani ta ƙasa sunan Ɗan Gurmu ta ɗauka. Cibiyar koyon kiɗa ta Yamai sunan Alhaji Taya gare ta. Marigayi Malam Maman Barka, mushen lakol ne kafin ya shahara da gurmi, ya je har bakin tafkin Cadi ya koyi biram don kar kayan kiɗan ya ɓace, ya kai shi Turai kafin rasuwarsa a 2018. Waɗannan an riƙe sunansu. Na bayansu fa?

Ga abin da muke gani, kuma ba ya buƙatar kuɗin gwamnati. Mu a rediyo, daga yanzu duk waƙar ɗan yankinmu da za mu sa, sai mun faɗi mawaƙi mun faɗi mai kiɗa. Mawaƙin da ya kawo mana waƙa, tambayar farko ita ce wa ya yi kiɗan. Muna roƙon abokan aikinmu na sauran gidajen rediyon jihar Doso su yi hakanan.

Ku kuma samari masu studiyo, ku daina aiki da baki kawai. Ko a takardar kaye ce, ku rubuta: wane ya yi kiɗa, an biya kaza, za a ambaci suna. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa. Akwai hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA, a Yamai. Wanda ya samu hali ya yi rajistar aikinshi. Masu turi, don Allah ku bar yanke farkon waƙa. Masu biki, in za ku yi liƙi, ku tambayi mai kiɗa ko yana wurin.

Yaron nan na Gaya bai sayar da fiyanonshi ba tukuna. Ya ce yana jira ya gani. Mu dai mun yi mishi alkawari, ranar da ya yarda, shi ne baƙonmu a shiri, kuma da cikakken sunanshi za mu gabatar da shi.

Wanda ya san wani mai kiɗa a ƙauyensu ko unguwarsu, na fiyano ko na kalangu, ya aiko mana da labarinshi. Allah ya ba kowa haƙƙin guminsa. Sai mun haɗu a shiri.