A Koya Musu Biya, Ba Karɓa Kaɗai Ba

Jama'a, tun 2024 asusun NELFUND na Gwamnatin Tarayya yake ranta wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati kuɗin makaranta, babu kuɗin ruwa. Madalla. Amma an koya musu karɓa, wa ya koya musu biya?

To, ga ƙa'idar. Shekara 2 bayan yaro ya gama hidimar ƙasa, wurin aikinsa zai riƙa yanke ushirin albashinsa. Wanda ya buɗe rumfa a Kantin Kwari kuwa, da kansa zai kai ushirin ribarsa kowane wata. Ku 'yan kasuwa kun sani, riba ba ta lissaftuwa sai da littafi. Yaron da bai taɓa riƙe littafi ba fa? Wanda bai sami aiki ba yana iya rubuta rantsuwa a ɗaga masa. Nawa ne suka san haka?

Muna kira ga kowace jami'a ta sa darasin bashin nan tun shekarar farko. A kuma yi manhajar waya, har da Hausa, wadda yaro da ubansa za su duba tare, su ga nawa aka ci, yaushe za a fara biya. Ku tambayi wakilanku na majalisa ranar da za a yi.