KU TSARE TSOFAFFINKU DAGA KARAYA

Jama'ar ƙasar Tambuwal da Kebbe, masu gida da matan gida, ga magana a kan iyayenmu da kakanninmu.

Idan yaro ya faɗo daga kan jaki, yakan tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya bi jakin da gudu. Amma tsohuwa takan zame a bakin rijiya, ta zauna daɓas, shi ke nan ba ta sake takawa. Sai mutane su ce, "Ai tsufa ne." Gaskiya ne ko wane rai da ajalinsa. Amma ni da nake aikin disfensa, ra'ayina shi ne yawancin irin wannan karaya ana iya tsare ta, kuma mutanen gida ne za su tsare ta tun kafin magana ta kai ga likita.

ABIN DA KE CIN ƘASHI

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo. Tun daga ƙuruciya har wajen shekara 30 gini ya fi rushewa yawa. Bayan haka sai rushewa ta fara rinjaya a hankali. Ga mace, da zarar al'adarta ta ɗauke, wajen shekara 50, abin yakan yi sauri ƙwarai. Wannan cuta ita ce zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis.

Kun san dirkar rumfa wadda gara ta ci ta ciki. Daga waje lafiya lau take, sai ran da akuya ta goga jiki rumfa ta zube. To, haka ƙashin yake. Ba ya zazzaɓi, ba ya kumburi, mai shi bai sani ba sai ya karye. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya, cikin mata uku da suka wuce shekara 50, ɗaya za ta karye sabo da wannan cuta. Cikin maza kuwa, ɗaya cikin biyar. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa tana kashe mutum wajen 684,000 ko wace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa.

Ga alamun da za ku lura da su. Tsoho ya rage tsawo kamar inci ɗaya da rabi. Bayansa ya fara rankwafawa. Ciwon baya ya kama shi farat ɗaya don ya ɗaga tulu. Ko kuwa ya ɗan faɗi, ya dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye. Wannan karayar hannu gargaɗi ce. Wanda ya karye sau ɗaya ta haka ya fi kusa da sake karyewa, kuma ta biyun sau da yawa a ƙugu take zuwa. Kada a tsaya ga ɗaure hannu kurum. A kawo shi a duba shi.

ABINCI DA RANA

Abin da jiki ke gina ƙashi da shi sunansa kalsiyam. Allah ya hore mana shi a ƙasarmu. Yana cikin nono da kindirmo, da riɗi, da zogale, da kuka, da wake, da ƙananan kifi waɗanda ake ci har da ƙaya. Abin da ke ba ni takaici shi ne, a gidaje da yawa ana kai nono kasuwa duka, maigida ya sha fura da abin da ya rage, tsohuwa kuwa sai farau-farau. Wannan ba daidai ba ne. A ware mata ludayi biyu ko uku na nono kullum. A ba 'yan mata da masu ciki da masu goyo su ma, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙashin da yarinya ta gina yau shi za ta taka ran tsufa.

Sa'an nan jiki ba ya iya amfani da kalsiyam sai da bitamin D, shi kuwa fata ce ke yin sa idan rana ta taɓa ta. Rana ba ta yi mana rowa ba, amma akwai tsofaffi da matan kulle da suke wuni cikin ɗaki. Su riƙa fitowa tsakar gida shan hantsi kamar rabin sa'a, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Kada kuma a hana tsoho motsi don tausayi. Tafiya masallaci, da 'yar shara, da zagaya gona, duk suna ƙarfafa ƙashi da ƙafa.

Taba tana raunana ƙashi. Haka nan ƙwayoyin nan da ake saye ba izinin likita don ƙiba ko ciwon gaɓɓai, irin su dezametason da faranisolon. Wanda ya daɗe yana shan su kada ya bari rana ɗaya, akwai haɗari. Ya zo a nuna masa yadda zai rage.

KU GYARA GIDA

Ƙashi ko ya yi rauni, yawanci sai an faɗi yake karyewa. Sabo da haka maigida ya zaga gidansa yau, ya duba waɗannan:

1. Dokin ƙofar ɗakin tsoho. In ya yi tsawo a rage shi.
2. Makewayi. A kankare gansakuka, a gyara magudana, a kafa icce mai ƙarfi wanda zai riƙa kamawa in zai tsuguna ko zai tashi.
3. Hanyar da yake bi. A kau da turmi da taɓarya, da igiyar akuya, da tabarma mai naɗaɗɗen baki. A cike ramukan da damina ta haƙa.
4. Duhu. A ajiye masa tocila da buta kusa da shimfiɗa, don fitar dare da alwalar asuba.
5. Takalmi da sanda. A jefar da silifa wanda ƙasansa ya siɗe. Riƙe sanda ba abin kunya ba ne.
6. Aikin haɗari. Hawa rumbu da jan guga a bakin rijiya mai santsi na yara ne. In zai hau kabu-kabu a riƙe shi wajen hawa da sauka.

Tsoho in zai tashi daga kwance, ya fara zama kaɗan tukuna, kada jiri ya ɗebe shi. Mai yawan jiri, da mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, su zo awo. Mai yanar ido kuma a kai shi, gama aikinta ba ya daɗewa, mutum ya koma ganin gabansa.

IDAN AN FAƊI

Idan tsoho ya faɗi ya kasa tashi, yana kukan ciwo a matsematsi, ƙafa ɗaya ta gajarce, tafinta ya juya waje, to, ku ɗauka ƙugu ya karye. Kada a ja ƙafar, kada a tilasta masa tsayawa. A kwantar da shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, a kai shi babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe a ranar. In aikin ya fi ƙarfinsu za su tura shi asibitin ƙashi na Wamakko, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Na san da yawa za su ce, "Ga mai ɗori kusa, ga sauƙin kuɗi." Ba na raina masu ɗori, sana'ar gado ce. Amma ƙashin ƙugu yana can ciki, nama ya rufe shi, kara da tsumma ba su kai gare shi. Sai hoto ya nuna inda ya karye, kuma aikin ya fi kyau cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsohon da aka bari kwance wata da watanni yakan sami gyambon kwanciya da ciwon huhu, su ne kuwa ke kai shi kabari. Ɗauri mai tsanani kuma yakan tsai da jini har hannu ko ƙafa ta ruɓe, a yanke. Kuɗin mota da aka ji tsoro tun farko sai a biya ninkinsa. Bayan an warke, likita na iya rubuta ƙwayar ƙarfafa ƙashi, akwai wadda ake sha sau ɗaya a mako.

AIKIN GAYYA NE

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shawarata ita ce, daga Dogon Daji da Jabo da Sanyinna har Kuchi, ko wane mai unguwa ya san tsofaffin unguwarsa, musamman waɗanda 'ya'yansu suka tafi cin rani. Sau ɗaya a shekara, kafin ruwa ya sauka, a kawo su disfensa a auna jini da tsawo, a duba ido. Samari su yi gayya su gyara makewayin wanda ba shi da kowa. Limamai su tuna wa jama'a a masallaci, ungozomai su faɗa wa mata a cikin gida.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa wanda bai iya ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.