Inuwar Yarima Ahmad

Jama'a, ran nan na zauna na kalli majigin Yarima Ahmad, wanda wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta fitar a shekarar 1926, bayan ta shafe shekara uku tana yanka baƙin kwali da almakashi, tana motsa gaɓoɓin mutanenta kaɗan-kaɗan bisa gilashi mai haske, ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Kuma haƙiƙa, ko da yake babu mahaluƙin da ya furta kalima a cikinsa, ban yi kewar murya ba. Daga Dare Dubu da Ɗaya aka tsamo hikayar, da dokin sihiri mai tashi sama, da Aladin da fitilarsa, amma abin da ya ƙayatar da ni shi ne gumurzun mayya da boka, inda kowannensu yake rikiɗa, yanzu zaki, an jima kunama, alhali duk inuwa ce tsagwaronta, irin wadda yara suke yi da yatsu jikin bango idan an kunna fitila. Aibinsa kuwa ba zan ɓoye muku ba: bokan nan Ba'afirke ne, an kuwa munana siffarsa yadda Turawan wancan zamani suka saba, har na ɗan ɓata rai.