Hakkin Yaro Ne Ya Gane Abin Da Ya Karanta

A ajujuwan firamare da yawa a Arewa, malami zai rubuta jimla a allo ya karanta, yara su amsa da ƙarfi, a yi ta maimaitawa har a buga ƙararrawa, a ce an yi darasin karatu. Da za a ware yaro ɗaya a tambaye shi wa ya yi me a cikin jimlar, sai ya sunkuyar da kai. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara 9 cikin 10 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi. Yaron da ya wuce aji uku a haka zai sha wuya a lissafi da kimiyya da tarihi, domin duk ta hanyar karatu ake samunsu. Alhakin wannan yana wuyan manya.

Fahimta tana ginuwa ne a kan harshen da yaro ya zo da shi daga gida. Wanda ke sauraron tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya riga ya iya bin labari, yana hasashen abin da zai biyo baya, yana gane mai wayo da mai gaskiya. Aikin malami shi ne ya haɗa wannan baiwa da baƙaƙe da wasula, sannan bayan kowane sakin layi ya tsaya ya yi tambaya: me ya sa Gizo ya yi haka? Da kai ne, me za ka yi? Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ile-Ife a 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da su da Yarbanci tsawon shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turanci. A kan irin wannan tunani aka gina shirin Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato.

Wasu iyaye za su ce da Turanci ake rubuta jarrabawa, don haka a fara da shi. Damuwarsu gaskiya ce, sai dai sau ɗaya ake koyon karatu. Wanda ya iya shi da Hausa zai ɗauki dabarar ya shiga Turanci da ita, wanda kuwa aka haɗa wa baƙon harshe da baƙon rubutu lokaci guda yakan rasa duka biyun. Malamai kuma za su kawo kukan cunkoso da rashin littattafai, kuma wajibi ne gwamnatocin jihohi su share musu hawaye. Duk da haka, tambaya ba ta cin kuɗi.

Iyaye, idan yaro ya dawo daga makaranta, ku sa ya faɗa muku da bakinsa abin da ya karanta yau. In ya kasa, ku je ku ga malaminsa tun kafin shekara ta ƙare.