Tsargiya: Abin da hantar ɓera ke faɗa wa masu tsara kasafi

Da an ambaci tsargiya, fitsarin jini ne ke faɗo wa mutanenmu a rai. Alhali akwai wani nau'inta, Schistosoma mansoni, wanda ke zama a jijiyoyin jinin hanji yana lalata hanta a ɓoye. Yawancin abin da aka sani game da ɓarnarsa, daga ɓerayen ɗakin gwaje-gwaje aka samo shi.

Idan aka sa wa ɓera tsutsar, bayan mako biyar zuwa shida macen kan fara zuba ƙwai, kimanin 300 a kullum. Wasu su fita ta bayan gida, sauran jini ya kwashe su ya kai hanta, su maƙale. Tun a shekarun 1960 Kenneth Warren da abokan aikinsa suka nuna cewa garkuwar jikin ɓeran ce ke yi wa kowane ƙwai ƙawanya, har ya zama ɗan ƙulli. Ƙawanyar tana da rana, domin ɓeran da aka raunana garkuwarsa, dafin ƙwan ne ke kashe shi da wuri. Amma ƙulli bisa ƙulli tabo ne. Tabon ya matse hanyar jini, saifa ta kumbura. A jikin ɗan Adam, abin yakan kai ga aman jini.

Gwajin ya kuma nuna cewa maganin praziquantel yana kashe manyan tsutsotsi, ƙanana kuwa sukan tsira. Tabon da bai jima ba yana raguwa bayan magani. Wanda ya tsufa ya fi taurin kai. Ke nan shekarar da aka tsallake rabon magani a makarantu ba jinkiri ba ce kawai, asara ce da hantar yaro za ta riƙe.

Nan ne siyasa ta shigo. Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa katutu. Kamfanin Merck na Jamus ya yi alƙawarin ba da ƙwayoyi har miliyan 250 kyauta duk shekara ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, amma kai su ƙauye yana cin kuɗi, kuma Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025. Sannan ko an sha maganin, yaron da ke wanka a magudanan noman rani na Kadawa ko Bakolori, inda dodon koɗi mai ɗauke da cutar ke samun mazauni, zai sake kamuwa muddin babu masai da ruwan famfo. Waɗannan kuwa, ba kamar ƙwayoyin ba, aikin jihohi da ƙananan hukumomi ne.