Zancen Gida: Wa Ke Shanye Mana Wuta?

Masu karatu, wannan wata za mu dubi ɗan akwatin nan da ke maƙale a bangon gidaje da yawa, watau mitar da ake saka wa kuɗi kafin a sha wuta.

A dā, zamanin NEPA, sai ƙarshen wata ake kawo takarda, sau da yawa kuwa kuɗin ƙiyasi ne kawai. A 2013 aka soma miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11, a 2020 kuma gwamnati ta soma shirin raba mita ga gidaje. Da irin wannan mita mutum yakan sayi lambobi 20, ya danna su, yunit ya shiga. A Afrilu 2024 aka ɗaga farashin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana. Ashe yunit ba abin wasa ba ne.

To, mene ne yunit? Wat 1,000 ne na tsawon awa guda. Ƙwan fitila na LED mai wat 10 sai ya yi awa 100 yana ci kafin ya gama yunit ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa cikin awa guda zai lashe shi. Hitar dafa ruwa mai wat 1,500, in tana aiki awa ɗaya kowace rana, yunit 45 ke nan a wata, fiye da naira 10,000 a farashin nan. Duk abin da ke yin zafi shi ne babban maci. Amma wa muke yi wa faɗa? Yaron da ya bar fitila a kunne! A ganinmu ba a yi masa adalci ba.

Ga gwajin da iyali za su yi tare. Ku kashe kome, sa'an nan ku riƙa kunna kaya ɗaya ɗaya, kuna duban ɗan jan hasken da ke ƙiftawa a fuskar mita. Sa'ad da aka jona hita za ku ga yadda yake sauri. Ku ba ɗaya daga cikin yara littafi ya riƙa rubuta sauran yunit kowace safiya har mako guda.

Inda gidan haya ne, ɗakuna shida da mita ɗaya, a kawo littafin nan gaban kowa kafin a raba kuɗi. Mai fanka da ƙwai biyu bai kamata ya biya daidai da mai firiji da hita ba.