Mota na gargaɗi, direba ya toshe mata baki

Jama'a, ran nan na taso daga Maraɗi zuwa Dakwaro. Mun wuce Kornaka ke nan, sai na lura direba ya liƙe wata fitila ta gaban sitiyari da baƙin salatif. Na tambaye shi dalili.

Ya ce: "Malam, abin ga tun daga Kwatano yake kuka. Ƙura kaɗan ya yi ƙara, rami kaɗan ya yi ƙara. Wa zai biye mashi?"

Ni ban ga laihinshi ba. An ƙera na'urorin nan don titunan Turai da Japan, gargaɗinsu kuma cikin yaren da bai iya karantawa. Wanda ya saba yi maka ƙarya, ran da ya faɗi gaskiya ma ba ka saurare. Amma fa ran da fitilar birki ce ta kama, mu fasinja ne a ciki.

Shawarata: makarantun koyon tuƙi da ƙungiyoyin direbobi su koyar da ma'anar kowace fitila da Hausa. Makanikai su samu injin binciken mota, su daina tsinke waya. Direba ba ya yarda da abin da bai gane ba.

Allah ya kiyaye hanya.